Na sayi Kombi da kwali bakwai

Ranar wata Asabar da la'asar janwe ya sauke ta a ƙofar gidana a Kaduna. Kafin a kwance sarƙa yaran unguwa sun yanyame ta, wannan ya leƙa ta taga, wancan ya shafa tambarin da ke goshinta. Uwargida ta leƙo daga zaure, ta dube ta sama da ƙasa, ta dubi kwalaye bakwai da yaran janwen ke jerawa a bakin ƙofa, sannan ta ce, "Malam, waɗannan kwalayen gyara aka yi maka, ko su ne motar?"

Na ce mata rabin motar ke nan. Ta ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da ake yi wa wanda ya ƙara aure ba shawara, ta koma ciki.

Volkswagen Kombi ce ƙirar 1974, mai gilashin gaba guda ɗaya, sama fari, ƙasa shuɗi mai haske, fentin yana ɗaukar ido. Kuɗin da na biya ba zan rubuta ba, domin uwargida tana karanta abin da nake rubutawa, kuma adadin da na faɗa mata da wanda na ƙirga a Zariya ba uwarsu ɗaya ba.

Dalilin sayen ba ya wuce mahaifina, Allah ya jiƙansa. Direban kiya-kiya ne, ya yi shekaru yana jan wata Kombi ta wani attajiri tsakanin Tudun Wada da kasuwa. Lokacin ina firamare, idan sanyin hunturu ya kankama, shi yake sauke ni a makaranta kafin ya fara lodi. Wurin zamana ba kujera ba ne, wannan dandamalin ne na can baya inda ake ɗora kaya, wanda injin ke ƙarƙashinsa. Kafin mu yi nisa wurin ya ɗau ɗumi, ni kuwa na naɗe ƙafa ina gyangyaɗi, injin yana ta ɓat-ɓat-ɓat ɗinsa a ƙarƙashina. Kuma ina tuna yadda yake yi wa direbobin da suka tsaya a gefen titi da jarka suna neman ruwan lagireto dariya. Tasa motar ba ta shan ruwa, iska ce ke sanyaya ta. Tun da ya rasu, duk inda na ji wannan ƙara sai na waiwaya. Bana na cika hamsin, na ce ko dai yanzu ko kuma shi ke nan.

Wani dillali ne ya turo mini hotonta a WhatsApp. Mai ita ma'aikaci ne da ya fara gyaranta, ya yi wajen shekara biyu yana zuba kuɗi, sai aka yi masa canjin wurin aiki, ya bar ta a gidan iyayensa a Zariya a ƙarƙashin tamfol. Ƙanensa ne ya nuna mini ita. Yaro mai ladabi, kuma har yau ban yarda ya yi mini ƙarya da gangan ba, abin da aka faɗa masa ya faɗa mini. Ya ce, "Yallaɓai, Yaya ya kashe mata kuɗi ba na wasa ba. An yi bodi, an yi fenti, an sauke inji an yi ringi, an ja waya sabuwa. Abin da ya rage haɗawa ne kawai."

Haɗawa ne kawai. Wannan magana ita ta cinye ni.

Kuskurena uku, kuma duk a yini ɗaya na yi su. Na je ni kaɗai. Na je da yamma liƙis, rana ta yi sanyi, lokacin da kowane fenti ke kyau. Kuma tun a hanya na riga na saye ta a zuciyata, don haka da na isa ba dubawa na yi ba, kallo na yi. Aka ɗauko batir daga wata motar, aka ɗiga fetur a bakin kafireta, ta yi tari sau biyu ta tashi. Minti biyu ta yi tana aiki, yaron ya kashe, wai kada mai ya ƙare. Ni kuwa a cikin minti biyun nan na koma ɗan aji uku. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya kira yayansa a waya, aka sallama. Dillali ya karɓi la'adarsa yana ce mini na yi tsintuwa.

Abu ɗaya na duba da hankalina, lambar shasi. A irin waɗannan da aka ƙera a Jamus a shekarun 1970, lambobi ukun farko suna faɗa maka komai: na farko 2 ne, wato jinsin motar, na biyu idan 3 ne to Kombi ce, idan 1 ne ta kaya ce marar tagogi, na uku kuma shekarar ƙira. Tawa ta fara da 234, Kombi ta 1974 ke nan. Da na ga lambar kiran wayar Najeriya ce sak, sai na ɗauke ta a matsayin ishara. Mai son abu ba ya rasa ishara.

Washegari na ɗauko wani tsohon makaniki da muke kira Baba. Ya haura saba'in, a kan kunkuru, wato ƙaramar Volkswagen, da Kombi ya koyi kanikanci tun yana saurayi, kuma ya san mahaifina. Yanzu garejinsa inuwar dalbejiya ce da akwatin sifanu, yaransa duk sun koma kan Toyota da Honda. Da ya iso bai ce uffan game da fenti ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, hannu a baya, ya ce a nemo masa maganaɗisu. Aka fasa wata tsohuwar sifika aka ciro. Ya naɗe shi a tsumma don kada ya karce fenti, ya fara bin jikin motar da shi a hankali kamar mai shafa wa jariri mai. A kan ƙofa ya manne. A tsakiyar gefe ya manne. Da ya sauko ƙasan ƙofar zugewa, sai maganaɗisun ya faɗi ƙasa tim. Ya ɗauka, ya matsa gaba kaɗan, ya sake faɗuwa. Ƙasan gilashin gaba, ya faɗi. Kusurwar baya ta dama, inda batir ke zama, ko alamar riƙewa bai yi ba.

Ya ce, "Ɗana, ka ba ni izini?" Na ce na ba ka, Baba. Ya sa bakin sukundireba a ƙasan ƙofar ya danna, ba da ƙarfi ba ma. Wani ɓaɓɓako ya ɓalle, kaurinsa ya kai ɗan yatsana, ruwan hoda a ciki, shuɗi a waje. Fila ce zalla, wato abin da masu fenti ke cike lotsawa da shi. A bayanta akwai guntun kwanon rufi da aka lanƙwasa, da ragar sauro ta ƙarfe, da takardar jarida da aka cusa don filar ta sami abin kamawa. Na zaro jaridar na warware, har ana iya karanta sakamakon wasan ƙwallo. A bayan wannan duka kuma babu komai sai rami da tsatsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cikin motar. Nan ne ba a taɓa ba, nan ne kuma ya so ya hana ni saye, domin daɓen ya yi jawur da tsatsa, ga ƙura, ga kashin ɓera. Baba ya hau ya yi ta dukansa da guduma tun daga bayan kujerar direba har ƙarshe, ko'ina ƙarar ƙarfe lafiyayye yake bayarwa. Tsatsar a sama kawai take, burushin waya ya share ta cikin yini biyu. Ya shiga ƙarƙashi ya duba ƙarafan shasi da wuraren sa jak da bim ɗin gaba, ya fito yana karkaɗe riga ya ce motar nan a Arewa ta yi rayuwarta, ba ta sha iskar teku ba, da ta Legas ce da tuni ta zama rariya. Wuraren da suka ruɓe ma sanannu ne: inda ruwan batir ya zuba shekara da shekaru, da inda robar gilashi ta tsage ruwan sama ya riƙa kwanciya. Aikin mai walda ne na sati biyu, da tun farko an yanke an sa ƙarfe. Sai aka rufe da fila aka fesa fenti, ruwa ya ci gaba da cin ƙarfen a ɓoye.

A nan na zauna a kan kwali na yi lissafi. Rabin motar da ba a gyara ba bai ɓoye mini komai ba, abin da na gani shi na samu, har ma ya fi yadda na zata. Rabin da aka ce an gyara kuwa sau uku zan biya kuɗinsa: na biya a cikin farashi, domin fentin nan ne ya ɗaga kuɗin, zan biya a kankare shi, sannan in biya a sake yi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Da na sami wadda ta shekara ashirin a bayan gida kaji na ƙwai a cikinta, ba wanda ya taɓa ta, da na fi samun sauƙi. Kuma ban ga laifin mai ita ba sosai. Mutumin da ke zuwa gareji ranar Asabar kawai, ya tarar an shafa farar ƙasa an goge sumul, me zai gani? Shi ma cinikin biri a sama aka yi masa, ya biya kuɗin ƙarfe aka ba shi jarida.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Baba ya buɗe ƙofar inji, ya tofa yawu a yatsa ya goge wurin da ake buga lamba, a gindin ƙarfen da ke riƙe da janareta. Ya ce in karanta masa, idonsa ba ya gani sosai. Na ce AB. Ya ce in sake dubawa. AB ɗin dai. Ya yi dariya ya ce wannan injin kunkuru ne mai 1300, aka ɗora wa babbar mota. Nata na asali 1600 ne, mai ƙarfin doki 50, kuma a wannan shekarar lambarsa da AS take farawa. Dukansu kamarsu ɗaya ga wanda bai sani ba, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, fanka a sama. Amma ka cika Kombi da mutane ka hau tudu da ƙaramin, ka ga yadda zai yi nishi.

Abin da ya ɓata masa rai ba wannan ba ne. Faranta ne. Injin da iska ke sanyayawa yana da wasu faranta na baƙin ƙarfe da suka lulluɓe shi, da wata roba da ta zagaye shi ta raba sama da ƙasa. Fanka tana jawo iska mai sanyi daga sama, farantan su bi da ita ta kan silinda, ta fita ta ƙasa da zafinta. Idan faranti ɗaya ya ɓata, ko robar ta yage, iskar da ta fita da zafi ita fankar za ta sake shaƙa, injin ya yi ta dafa kansa har bawul ya tsinke, galibi na silinda ta uku. A nawa faranta huɗu babu, robar kuwa ko alamarta. Baba ya ce halin yaran yanzu ne, idan sun sauke inji sai su ga farantan nan wahala ce kawai, su jefar, wai don inji ya sha iska. "Su a ganinsu riga suka cire masa saboda zafi," in ji shi.

Wayar da aka ce sabuwa ce, sabuwa ce kam. Sai dai duk ja ce, daga fitilar gaba har ta baya, irin wadda ake ja a gida. A tsarin Jamusawa kowace waya da launinta, ruwan ƙasa ita ce ta ƙasa a ko'ina, don haka mai rewaya yana iya bin zane ya gano matsala cikin minti goma. Wannan kuwa taliya ce. A akwatin fis, uku an naɗe su da takardar sigari. Tiyon fetur kuma na roba ne fari, irin na ruwa, ya bushe ya yi tauri, ba ko maɗauri a bakinsa. Tankin Kombi yana gaban inji ne kuma ya ɗan fi shi tudu, idan tiyo ya fita mai zai yi ta zuba a kan inji mai zafi ko an kashe mota. Ga shi gangar injin da magnesiyam aka haɗa ta, idan ta kama wuta ruwa ba ya kashe ta. Na tuna minti biyun nan na Zariya, ina tsaye a bayanta ina murmushi, sai na ji gwiwata ta yi sanyi.

Kwalayen sun ci mini dare uku a tsakar gida. Kafireta uku, ba ko ɗaya cikakkiya. Fitilar baya ta Peugeot 504, ban san me ya kawo ta ba. Noti da kusoshi cike da gwangwanayen madara tara, ba a rubuta komai a jiki ba, wanda ya kwance su shi kaɗai ya san inda kowanne ya fito, shi ma na tabbata ya manta. Wannan shi ne wahalar gadon aikin wani: motar da ka kwance da hannunka kana da hotonta a kai, wadda aka ba ka a kwali kuwa sai ka yi ta juya ƙarfe a hannu kana tambayarsa daga ina yake.

Amma kwali na shida ya biya ni. A ciki akwai robobin gilashi da na ƙofofi sababbi a ledarsu, an rubuta Brazil a jiki. Can ne aka ci gaba da ƙera Kombi bayan Jamus ta daina wannan samfurin a 1979, ba su tsaya ba sai a Disambar 2013, saboda dokar ƙasar da ta wajabta jakar iska da birkin ABS ga sababbin motoci daga Janairun 2014. Shi ya sa har yau kayanta ba su yanke ba. A ƙasan kwalin kuma, cikin wata tsohuwar ambulan, na sami takardun farko na motar. Hatimin da ke kai na Jihar Arewa ta Tsakiya ne, sunan da jiharmu ke amsawa kafin 1976. An yi mata rajista tun kafin masana'antar Volkswagen ta Ojo a Legas ta fara harhaɗa motoci a 1975, shekarar da Peugeot ma ta fara a nan Kaduna. Sitiyarinta a hagu yake, ƙofar zugewa a dama, domin ta shigo bayan ƙasar ta koma tuƙin hannun dama a Afrilun 1972. Na daɗe ina riƙe da takardar nan. Ta girme ni da 'yan watanni.

Neman inji ya ɗau wata huɗu. Na taka Panteka har 'yan kasuwar suka fara ce mini Alhaji Kombi, na je Ƙofar Ruwa a Kano, na yi waya da mutanen kasuwar Ladipo ta Legas har kati ya gaji. Amsar ɗaya ce: da akwai, 'yan gwangwan sun kwashe an narkar. Farantan ma a wajen 'yan gwangwan ɗin na same su, a cikin tulin da ake shirin ɗorawa a sikeli. Yaron ya sayar mini da su a kan kuɗin kilo, yana kallona kamar mai taɓin hankali ganin ina goge su da hannun riga. Injin kuwa wani tsohon abokin Baba ne a Jos ya ce yana da ɗaya a ɗaki tun zamanin da ya daina aiki. Wannan karon ban je ni kaɗai ba. Baba ya kama fulin da hannu biyu ya ja ya tura, ya saurari motsinsa, ya sa na karanta masa lamba. AS. Muka kwance shi gaba ɗaya duk da haka, har gangar muka raba biyu, domin na daina yarda da kalmar "an yi".

Ranar da za a tayar, Baba ya ce in zo bayan sallar asuba, domin ba a saita bawul sai inji ya kwana ya huce sarai. Na same shi ya shimfiɗa buhu a ƙasa. Ya zaro ma'auninsa daga cikin hula, wasu siraran ƙarafa kamar reza da suka yi baƙi don tsufa, ya zaɓi na 0.15. Ni ina juya fuli, shi yana kwance yana zura ma'aunin, ya sassauta noti, ya murɗa, ya sake zurawa har sai ya ji ƙarfen yana ja kaɗan kamar an zare wuƙa daga kube. Bawul takwas, ya yi kusan awa ɗaya, ba ya magana sai "juya", "tsaya", "koma kaɗan". Muka zuba baƙin mai lita biyu da rabi. Ya ce in riƙe a kaina, injin nan ba shi da matatar mai sai 'yar raga, don haka duk kilomita 5,000 a juye, a kuma sake duba bawul. Ya bi wayoyin fulogi yana ƙirgawa, ɗaya, huɗu, uku, biyu. Sabon tiyon fetur, maɗauri a kowane baki, ga tukunyar kashe gobara a gefe, wadda na saya tun kafin in sayi taya.

Ya ce, "Bismillah, ɗana, murɗa."

Yanzu wata goma sha ɗaya ke nan da zuwan janwe. Motar ta fi ranar da na saye ta muni nesa ba kusa ba. Shuɗin nan mai ɗaukar ido duk an kankare shi daga ƙugu zuwa ƙasa, jikinta dabbare-dabbare, nan jan fenti na hana tsatsa, nan tabon walda, gilashin gaba yana jingine a ɗakin baƙi an lulluɓe shi da bargo. Maƙwabcina ya tambaye ni ko haɗari na yi da ita. Mai walda ya yanke duk inda maganaɗisu ya ƙi kamawa ya sa ƙarfe, ina tsaye a kansa, ban bar shi ya shafa komai ba sai na ɗauki hoto. Fenti sai baɗi idan Allah ya kai mu, idan kuma kuɗin makarantar yara ya bar saura.

A safiyar da ta tashi, ƙarar ta fito da mutanen gida. Autata mai shekara bakwai ta haye ta ƙofar baya da kayan barcinta, ba wanda ya ce mata ga inda za ta zauna, ta naɗe ƙafa a kan dandamalin. Can ta ɗago ta ce, "Abba, wurin nan da ɗumi." Baba ya dube ni, na sunkuya ina gyara wayar da ba abin da ya same ta. Uwargida kuwa daga bakin zaure ta tambaya ko yanzu za a iya kai ta kasuwa.

Ba za a iya ba tukuna. Birki ne aikin Asabar mai zuwa, kayan suna hanya daga Legas. Har yanzu da dutse muke tare tayarta.